Dilan Icce a Aljihun Babbar Riga

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da Arewa ta samu mulkin kai ba, ko da yake abin da ya sa nake tuna ta daban yake da na sauran mutane. Su suna tuna kiɗe-kiɗe da jawaban da aka taru ana saurara a rediyon gidan hakimi. Ni kuwa abin da nake tunawa wata farar riga ce tawa, da irin tsayuwar da na yi a cikinta a garin Kiru, gaban malamina da jama'a cike da ƙofar gida.

A lokacin shekaruna ashirin da bakwai, ina zaune a Bebeji tare da mahaifiyata. Na sauke Alƙur'ani tun da wuri, ina kuma zuwa Kiru a keke ina karatun littattafai a wurin Malam Hamidu, dattijo mai ƙarancin magana. Abu biyu aka san ni da su: rubuta wa mutane wasiƙa da ajami, da kuma zayyana. Duk wanda ɗansa zai yi sauka, ni ake kawo wa allo in ƙawata shi da ja da kore da ruwan ɗorawa. Ina da wata sarƙa da nake zagaye gefen allo da ita, kowace gaɓa da ɗigo uku a cikinta, ni na ƙirƙiro abata, kuma ba wanda ya iya kwaikwayonta. Mutane suna yabo, ni kuma ina cewa "baiwar Allah ce" da baki, zuciyata tana cewa a ƙara. (Allah ya yafe mini, a shekarun nan har tafiyata sai da ta canja.)

Allunan da nake yi wa zayyana kuwa Sale ne yake sassaƙa su. Sale ɗan ƙanwar mahaifina ne, wato taubashina, don haka tun muna yara ba ma haɗuwa ba a yi tsiya ba. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai "Alaramma", da wata irin murya da ke nuna ba girmamawa ake nufi ba. Yana sassaƙa turmi da akushi jefi-jefi, amma allo ne abincinsa. Makarantun Bebeji da na Kiru har zuwa wajen Tudun Wada duk a wurinsa suke saye, da su yake ciyar da matarsa da 'ya'ya huɗu.

To, bayan ƙaramar salla, cikin bazara, sai aka kafa sansanin yi wa shanu allura kusa da Kwanar Ɗangora. Wani Arɗo daga wajen Burumburum ya aiko mini in zo in rubuta masa sunayen masu garke bi da bi, don kada a yi rigimar wanda ya riga wani. Na je na zauna a bakin rumfar wani Bature likitan dabbobi, wanda Fulani suke kira Mai Allura. A kan teburinsa na ga abin.

Wata dabba ce ta icce, tsawonta bai fi tafin hannu da rabi ba. Siffarta ta dila, tana zaune a kan gindinta, ta ɗaga kai sama baki buɗe kamar mai kuka. Amma jikinta shuɗi ne shar, kunnuwanta jajaye dogaye kamar na zomo, kuma tun daga hanci har jela an bi ta da ɗige-ɗige farare da masu ruwan ɗorawa, kowane ɗigo a cikin ɗan zobensa.

Na ja da baya na ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "A'uzu billahi! Gunki!"

Fulanin da ke kusa suka dare. Baturen ya yi dariya, ya ce da Hausarsa mai ɗingishi, "Ba a yi masa sujada, Malam. A ƙasar Meziko na saye shi, can ƙetaren teku, lokacin da na yi aikin shanu a can. Manomi ne ya sassaƙa da wuƙa in an gama aikin gona. Matarsa ce ta yi fentin."

Na ce, "Ko ma wa ya yi, Allah ya tsare mu."

Bakina ke nan. Idona kuwa ya ƙi barin wurin. Sunan Arɗo sau biyu na rubuta shi a takarda ban sani ba. Da Baturen ya fita wajen shanu, na sa gindin alƙalami na juya dabbar (ban taɓa da hannu ba, wai ni mai tsantseni), na duba cikinta, na duba bayan kunnenta. Ba ɗigo ɗaya da ya fi ɗan'uwansa girma. Iccen mara nauyi ne, yana ɗan ƙanshi kamar ararrabi. Abin da ya tsaya mini a rai ba haramci ba ne, gaskiya ɗaya ce. Abin da ya tsaya mini shi ne wai matar manomi, wadda ba ta taɓa riƙe alƙalamin gamba ba, ta fi ni daidaiton hannu. Da wannan na hau keke, da shi na iso gida.

Kwana uku ina fama da kaina, ran na huɗu na tafi wurin Sale. Na same shi a ƙofar gida yana fafe akushi da gizago.

Na ce, "Sale, in na ba ka wani aiki, za ka iya riƙe bakinka?"

Ya ce, "Alaramma, ai bakina ba irin naka ba ne da ake gayyata wurin suna. Faɗi."

Na zana masa siffar a ƙasa da yatsa, na yi sauri na goge da ƙafa. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya yi dariya har gizagon ya faɗi.

"Kare kake so in sassaƙa maka?"

"Dila ne."

"Dila dai. To me za ka yi da shi, ko shi ma sauka zai yi?"

Na ce gwaji kawai zan yi, in ga ko hannuna zai kai, daga nan in jefa shi a wuta. Na sa ya rantse ba zai gaya wa kowa ni na sa shi ba. Ya rantse yana share hawayen dariya. Ya ce iccen dashi zai samo, shi ne mai taushi mara nauyi.

Abin da ban lissafa ba shi ne Sale ba shi da ɗakin aiki. A ƙofar gida yake sassaƙarsa, a bakin hanyar da kowa ke bi zuwa kasuwa. Kafin ya gama fitar da kunnuwa, rabin Bebeji sun gani. Kafin ya kawo mini shi a ƙunshe cikin tsumma, labari ya riga ni isa Kiru.

Muna zaune a zauren Malam Hamidu bayan an rufe littafi, malaman makarantu huɗu ko biyar suna nan, sai ɗaya daga cikinsu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, an ce Sale na Bebeji ya koma sassaƙa gumaka." Duk aka juyo aka dube ni, tunda ɗan'uwana ne.

Da na yi shiru, da ya wadatar. Da na ce ban sani ba, ƙarya ce amma ƙarama. Ni kuwa sai na gyara zama. Na yi gyaran murya. Na kawo duk abin da na taɓa karantawa game da masu siffanta abu mai rai, na jero shi tiryan-tiryan, har muryata tana rawa. Da na ga ana gyaɗa kai sai daɗi ya kwashe ni, na rufe da cewa, "Ni dai a ganina, hannun da ya sassaƙa kare bai kamata ya taɓa allon da za a rubuta Alƙur'ani ba, ko da ɗan'uwana ne."

(A daidai wannan lokacin dilan yana ɗakina a bayan gafaka, na shafa masa shuɗin farko da safe, yana shan iska.)

Malam Hamidu ya dube ni ɗan lokaci, ya ce, "To." Bai ƙara ba. Amma sauran sun ɗauka. Cikin mako biyu makarantu suka daina aikowa wurin Sale, suka koma saye a wurin wani masassaƙi a Kwanar Ɗangora.

Wata safiya Sale ya yi sallama a gidanmu. Bai zauna ba.

Ya ce, "Alaramma, na ji wa'azinka. An ce har da hawaye."

Na ce, "Sale, ka yi wa Allah, tsautsayi ne. Ka ɗan ƙara mini haƙuri, maganar za ta mutu da kanta."

Ya ce, "Na rantse ba zan faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba. Amma ka sani alluna talatin suna jingine a bango, kuma jiya da kunun kanwa yarana suka kwana." Ya juya ya tafi. Ranar ce kaɗai a rayuwarmu da muka rabu bai tsokane ni ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Za ku ce daga nan na jefa dilan a wuta. Ban jefa ba. A lokacin an ba ni aikin da ya fi kowanne girma a wurina: ɗan Malam Hamidu zai yi sauka, ni zan yi allon zayyana. Sai na raba yinina biyu. Da safe allo, da azahar dila, da kwalabe ɗaya da alƙaluma ɗaya: baƙar tawada, ja na karan dafi, ruwan ɗorawa na gangamau, shuɗi na bular wanki, duk an dama da ƙaro. Na yi wa dilan ɗige-ɗige irin na Meziko, sai na ga bayansa ya yi fili da yawa, na bi shi da sarƙata mai ɗigo uku tun daga wuya har jela. Kuma ba zan ɓoye ba, ya yi kyau. Nakan rufe ƙofa in ajiye shi a kan buzu in yi ta kallo, ina cewa a raina matar manomi ta zo ta gani.

Ranar walima da sassafe mahaifiyata ta ce, "Yau da za ka yini a Kiru, zan sa a fitar da kayan ɗakinka a yi maka sabon daɓe kafin ruwa ya kankama." Nan take na tuna da dilan. Na ce to, Inna. Na shiga na sa farar babbar rigata ta salla, na ɗauki dilan na jefa a aljihun ƙirji, da niyyar in na iso rafin da ke kan hanya in wurga shi ya bi ruwa.

Allon kuwa na naɗe shi da tsumma, na ƙara naɗewa da fata, na ɗaure a bayan keke, saboda na san tawada ba ta shiri da danshi. Wa ya fi ni sani? Tun ina ɗan shekara biyar nake wanke allo da hannuna. Tawadarmu don a wanke ta aka yi ta. Amma ko sau ɗaya bai zo mini ba cewa abin da ke jikin allon shi ne a jikin dilan. Matar manomi da fentin da ba ya fita ta yi nata. Ni da ƙaro na yi nawa.

Na iso rafi, na tsaya, na fito da shi. Ya ɗaga kai yana kallon sama da ɗige-ɗigensa. Na ɗaga hannu sau biyu zan wurga shi, ina fasawa. Na ce a raina, bari dai sai a dawowa. Na mayar da shi aljihu.

Rana ce irin ta gabanin damina, ba iska, hadari ya taru ya tsaya. Na yi ta tuƙa keke zufa tana bin ƙirjina. Dab da shiga Kiru kuma aka yi ɗan yayyafi, wanda bai isa a fake ba amma ya isa ya jiƙa riga. Da na sauka, na rungume allon a ƙirji don ya rufe tudun aljihun, na wuce na zauna a kan tabarma a sahun malamai, ina amsa gaisuwa da ƙyar.

Ƙofar gidan ta cika. Ga malamai, ga attajirai, ga masu unguwa, ga mata suna leƙe ta saman katanga. Can baya na hango Sale yana taya ɗaukar akusan waina, ba wanda ya ce masa ya matso. Aka yi addu'a, sai Malam Hamidu ya kira ni ya ce, "Tashi ka ɗaga allon sama jama'a su ga aikinka kafin mai sauka ya karɓa."

Na miƙe, na kwance fatar, na kama allon da hannu biyu na ɗaga shi sama da kaina.

Sai guna-guni ya tashi a wurin. Na ɗauka zayyana ce ta kama mutane. Har na ɗan sunkuyar da kai irin na mai tawali'u, ina jiran "masha Allah".

Sai na ji wani dattijo a gaba ya ce, "Subhanallahi! Malam, soke ka aka yi a hanya?"

Na kusa da shi ya ce, "Haba Alhaji, ka taɓa ganin jini shuɗi?"

Na dubi ƙirjina. Tun daga bakin aljihu har kusan gwiwa, rigata ta zama abin kallo: shuɗi ya bi hanyarsa, ja ya bi tasa, inda suka haɗu da ruwan ɗorawa sun haifi wasu launukan da ba su da suna. Kuma ɗaga hannun da na yi ya ja rigar sama, sai ga dogayen kunnuwa biyu sun leƙo daga aljihu suna kallon jama'a.

Na kasa sauke allon, tunda allon sauka ne, ba a yar da shi. Na kasa rufe ƙirji, tunda hannuwana suna sama. Haka na tsaya.

Malam Hamidu ya ce a hankali, "Me ke cikin aljihunka?"

Har yau ban san inda amsar ta fito ba. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, goro ne."

Ya ce, "Goro mai kunne?"

Wani ya karɓi allon daga hannuna. Malam ya miƙo tafinsa, na ciro dilan na ɗora masa. Gefen da ya jingina da jikina ya wanke tas ya koma icce, amma bayansa yana nan da adonsa. Malam ya sa aka kawo allon kusa, ya ajiye su gefe da gefe a kan buzunsa, ya dubi wannan, ya dubi wancan, bai yi gaggawa ba.

Ya ce, "Wannan sarƙa mai ɗigo uku, a duk ƙasar nan mutum ɗaya na sani yana yin ta."

A nan ma da na yi shiru. Sai na ji bakina yana cewa, "Ai Sale ne ya sassaƙa."

Daga can baya Sale ya ajiye akushi ya ɗaga murya: "Allah ya gafarta Malam, jama'a su shaida, ni na rantse masa ba zan faɗa ba, kuma ban faɗa ba. Rigarsa ce ba ta rantse ba."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Malamai suna rufe baki da rawani kafaɗunsu suna rawa, mata a bayan katanga har da guɗa. Shi kansa Malam Hamidu sai da ya juya fuska yana gyara carbi. Ni kuwa ina tsaye, launi yana ɗiga daga bakin rigata a kan tabarmar mutane.

Bayan la'asar, da jama'a suka ragu, Malam ya kira ni da Sale cikin zaure. Na durƙusa ina jiran ya kore ni daga karatu. Ya ce a sare kan dilan, aka sare. Sannan ya ce da ni, "Zancen siffanta mai rai, wannan tsakaninka da Ubangijinka ne, ka tuba, Shi mai gafara ne. Amma abincin da ka cire daga bakin 'ya'yan wannan bawan Allah, istigfari ba ya biyansa. Sai abin da ya ce." Ya juya, "Sale, me kake so?"

Sale ya yi kamar yana tunani, alhali na san tun a ƙofar gida ya gama shirya abinsa. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, kaɗan ne. Allunan nan talatin, ya ɗauka a ka ya kai wa makarantun da suka guje ni, ɗaya bayan ɗaya. Kowace ƙofa ya tsaya ya faɗi wanda ya sa aikin. Kuma da wannan rigar, kada a wanke."

Malam ya ce, "Ya yi adalci."

Haka aka yi. Kwana biyu ina yawo da alluna a ka, Sale yana biye da ni a kan kekena, yana gaisawa da mutane kamar hakimi. In na yi maganar a hankali sai ya ce, "Alaramma, ɗaga murya mana, kamar ranar wa'azi." Makarantun Bebeji da na Kiru duk suka dawo masa, wasu don tausayi, wasu don sun sami abin ba da labari. Saura wani malami ɗaya a wajen Tudun Wada, mai taurin kai, wanda ya ce shi maganata ta farko ta fi kama hankalinsa. Sale kuma ya ce ba zai furta ya yafe ba sai an cika. Sau uku ina zuwa wurin mutumin nan cikin damina, ina rushe hujjar da ni na gina, yana kare ta da kalmomina. Sai bayan an yanke dawa ya aiko a ba shi allo shida.

Ranar da muka kai masa, a hanyar dawowa muka zauna a gindin wata tsamiya, Sale ya sayi fura da nono a wurin wata Bafulatana, ya dama, ya miƙo mini ludayi tun kafin ya sha.

Ya ce, "Shi ke nan, Alaramma. Na yafe, duniya da lahira. Ka iya wanke rigar."

Na wanke, amma shuɗin bai taɓa fita duka ba.

Yanzu na tsufa, ni ake kawo wa ƙarar mutane a zaure. In aka zayyana laifin wani aka ce, "Malam, me ka gani?" ba na buɗe baki sai na fara shafa aljihuna tukuna. Ɗalibaina suna tsammanin goro nake nema.